Gidan Marayun Giwaye na Nairobi: Awa Ɗaya Baƙo Yake Gani Cikin 24

Ƙarfe 11 na safe ake buɗe wa baƙi, ƙarfe 12 a sallame su. Abin da gidan renon marayun giwaye na Sheldrick Wildlife Trust, a gefen gandun dajin Nairobi, yake ba mai ziyara ke nan: awa ɗaya a bayan igiya, kana kallon 'ya'yan giwa suna shan madara suna birgima a jar ƙasa. Wanda ya je domin hoto zai samu hoto. Wanda ya san kiwo kuwa, ko da na 'yan maruƙa ne, zai fi kowa cin ribar awar nan, domin komai na wurin ana karanta shi a jikin dabbobin.

Daphne Sheldrick ce ta kafa ƙungiyar a 1977, shekarar da mijinta David ya rasu, wanda shi ne shugaban farko na gandun Tsavo ta Gabas. Ita ma ta rasu a 2018, yanzu 'yarta Angela ke riƙe da ragamar. Marayun da ake kawowa kowanne da hanyar da ya bi: wani mafarauta sun harbe uwarsa saboda haure, wani ya faɗa rijiya garke ya gaji ya tafi, wani fari ya kashe uwar, wani tarkon waya ya ci masa ƙafa. Yawanci da ƙaramin jirgin sama ake ɗauko su, a cire kujeru, a kwantar da ɗan a kan katifa, a ɗaure ƙafafu, a rufe masa ido, a sa masa ƙarin ruwa ta jijiyar bayan kunne tun kafin a tashi.

Mu fara da madarar, don ita ce gindin aikin. Nonon saniya kashe ɗan giwa yake yi. Maiƙon da ke cikinsa ba ya narkewa a cikin jaririn, sai zawo ya ɓarke, ruwan jiki ya ƙare, cikin 'yan kwanaki a rasa shi. Shekara 28 Daphne ta yi tana gwaji kafin ta dace da haɗin da ya zauna: garin madarar jariran mutane, a ƙara masa man kwakwa, wanda maiƙonsa ya fi kowanne kusa da na nonon giwa. Ana bayarwa duk bayan awa uku, dare da rana, wato sau takwas. Ɗan da ya ɗan tasa yakan sha wajen lita 24 a yini. A baro ake turo gorunan, kuma in ka lura za ka ga ba a sako marayun gaba ɗaya. Biyu-biyu ko uku-uku suke fitowa daga daji a guje, kowanne ya nufi mai renon da ke riƙe da gorarsa. Dalili shi ne manyan cikinsu ƙwace suke yi, kuma mai ba da madara yana bukatar ya san wanda ya shanye da wanda ya bar saura. Ɗan giwan da ya bar rabin gora, to labari ne, kafin yamma an sa masa ido.

Sabbin jarirai ba sa karɓar gora haka kawai. A daji ɗan giwa yana ɗora hancinsa a jikin uwa kafin ya kama nono, saboda haka a nan ake rataye bargo a igiya, mai reno ya tsaya a bayansa ya zuro kan gorar. Wani jaririn kuma sai ya ɗora hancin a wuyan mutum ko hammatarsa, in ba a nan ba, ba zai sha ba.

Masu renon, da korayen rigunansu, a ɗakin marayun suke kwana. Kowane ɗaki an shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa, a sama kuma akwai gadon katako na mutum. Amma ba a barin mutum ɗaya ya riƙa kwana da maraya ɗaya, kullum juyawa ake yi. Wannan doka da hawaye aka koye ta. A 1974 an kawo wa Daphne wata jaririya daga Marsabit, a arewacin Kenya, aka sa mata suna Aisha, ita ce ta farko da haɗin man kwakwa ya riƙe har wata shida. Daphne ta yi tafiya bikin auren 'yarta, jaririyar ta ƙi ci ta ƙi sha, ta mutu. Tun daga nan ake tabbatar da cewa maraya ya saba da hannu da yawa.

Abin da ke kashe su bayan an ceto su, kusan abubuwa huɗu ne, kuma ba a ɓoye su. Gidan yana wallafa labarin waɗanda suka mutu kamar yadda yake wallafa na waɗanda suka rayu, wanda a ganina shi ne babban abin da ya sa za a yarda da shi.

Na farko haƙori. Tsakanin wata ɗaya zuwa huɗu turamen farko suke fitowa, su zo da zazzaɓi da zawo da rama, irin abin da iyaye mata suka sani a jikin yara, sai dai a nan babu nonon uwa da zai tare. Jaririn da aka tsinta kafin ya sha dakashi shi ya fi shiga haɗari, don bai samu garkuwar jiki daga uwa ba. Na biyu ciwon huhu. Huhun giwa manne yake da bangon ƙirjinta, ba ta tari yadda ɗan maraƙi zai yi ka ji ka farga. Sau da yawa alamar farko ita ce ruwa ya riƙa ɗiga daga hanci, kuma a lokacin ciwon ya riga ya yi nisa. Waɗanda aka ciro daga rijiya su ne abin ya fi kamawa. Wannan ne ya sa za ka ga ƙananan sanye da bargo an ɗaure shi a ciki, domin Nairobi tudu ce, sanyin asubarta ba wasa ba ne. Na uku faɗuwar sukarin jini: ɗan da ya daɗe da yunwa sai ya zube kamar ya mutu, a sa masa ruwan sukari ta jijiya, bayan ɗan lokaci ya miƙe, gobe ya sake zubewa. Na huɗu baƙin ciki. Wanda ya girma har ya san uwarsa yakan ware gefe guda, ba ya wasa, ba ya barci sosai, na tsawon watanni. Maganin wannan ba ya cikin kwalba. Matan cikin marayun, masu shekara biyu ko uku, su suke rungumar sabon zuwa su riƙa bin sa.

Don haka in ka tsaya a bakin igiyar, duba kumatu. Ɗan giwa mai lafiya kumatunsa cike suke, ƙashin ƙasan ido ba ya fitowa. Duba bayan kunne da gefensa: a daji inuwar uwa ke kare jariri, a nan sai lema da man kariyar rana, kuma kunnen da rana ta ƙona gefensa yakan bushe ya karye. Koren abin da za ka gani a shafe a ƙafa ko hanci yumɓu ne, ana cusa shi a rauni bayan an wanke da ruwan magani da aidin, ya hana ƙuda ya busar da gyambo. Ana kuma shafe musu jiki da man kwakwa lokaci zuwa lokaci saboda fata. Da yamma, wajen ƙarfe biyar, in sun koma ɗaki suna tarar da ganye an rataye, har da rassan wata bishiya dangin dargaza da suke son ɓawonta.

Nairobi zango ne kawai. In maraya ya kai shekara uku ko kusa da haka, a loda shi a babbar mota da aka ƙera domin wannan aiki, a tashi tun kafin asuba saboda zafi, a kai shi ɗaya daga cikin sansanoni uku: Voi da Ithumba a Tsavo, ko Umani Springs a dajin Kibwezi, inda ake kai masu naƙasa saboda ruwa da ganye suna kusa. A can za a ci gaba da ba shi madara, yana yini a daji yana cuɗanya da giwayen dawa, har ranar da zai ƙi dawowa kwana da kansa. Abin yakan ɗauki shekaru, wani har kusan goma. Marayun da aka raina sun haura 300, kuma 'ya'yan da matan cikinsu suka haifa a daji, waɗanda aka gani da ido, sun haura 50. Sau da yawa uwar ce take kawo jaririn sansanin da kanta.

Yanzu ga inda ziyarar take da rauni. Sai ka yi rajista ta intanet tun da wuri, ba a karɓar wanda ya zo haka kawai, kuma a lokacin yawon buɗe ido gurbi yakan cika makonni kafin ranar. Babba yana ba da dala 20, amma wannan bai haɗa da kuɗin shiga gandun dajin ba, wanda hukumar kula da namun daji ta Kenya ke karɓa daban ta eCitizen, shafin intanet na gwamnatin ƙasar, kuma ga baƙon waje ya fi kuɗin ziyarar kanta yawa. Mutane da dama a bakin ƙofa suke fara jin wannan. Mafita ita ce ka haɗa da zagayen gandun da sassafe, tunda ka riga ka biya. Ƙofar tana kan titin Magadi, kuma da cunkoson Nairobi gara ka isa tun 10 da rabi. Babu wurin zama sosai, inuwa kaɗan ce, jama'a suna da yawa, wanda ya makara bayan kawunan mutane zai gani. Bayanin da shugaban masu reno yake yi ta lasifika, suna da shekaru da dalilin maraicin kowanne, da Turanci ne. Ɗakunan kwana da wajen haɗa madara ba sa cikin abin da ake zagayawa da kai a wannan awa. Kada ka sa farar riga, domin in wani ya watso taɓo da hanci ba ya zaɓe.

Mai son taimakawa daga nesa yana iya ɗaukar nauyin maraya ɗaya a kan dala 50 a shekara, a riƙa aiko masa da rahoton wata-wata daga littafin da masu reno suke rubutawa kullum. Rahoton nan ya fi ziyarar bayani: wa ya ƙi madara, wa ya yi zawo, wa aka sa wa ruwa da daddare. In ka samu hali kuma ka leƙa garken Maxwell, baƙin karkanda makaho da aka tsinta a gandun a 2007. An yi masa aikin ido bai yi ba, kuma karkandan da ba ya ganin abokin faɗa ba zai rayu a daji ba, saboda haka shi kaɗai ne a gidan da ba a shirya wa tafiya. Gadunan dawa suna shiga ta ƙasan shinge su ci abincinsa tare da shi.