Kuron da pinyo na tsohuwar Massey Ferguson 135: na hannu ko sabo?

Assalamu alaikum. Malam, tunda ka ce tsohuwar Massey Ferguson 135 ɗinka tana kuka daga baya duk lokacin da ta ja kaya, kuma makanike ya buɗe ya tarar haƙoran kuron da pinyo (wato babban faifai mai haƙora da ƙaramar giyar da take juya shi, waɗanda suke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya) sun cinye, shawarata ita ce ka nemi na hannu na asali waɗanda aka ciro tare daga tarakta ɗaya, ka bar sabon nan mai araha da aka kawo maka a kwali.

Irin wannan taraktar ce mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana, ƙirar Ingila mai injin Perkins silinda 3, daga cikin waɗanda aka fara ƙerawa a 1964. Damina bakwai da suka wuce, muna tsakiyar huɗa a fadama wajen Jiratawa, inda ƙasa take da nauyi ba kamar jigawa ba, sai ta fara wani gurnani da yake ƙaruwa idan garma ta shiga ƙasa, yana raguwa idan an ɗaga ta. Da muka zubar da mai, sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ƙasan bokiti kamar an watsa kwalli. Na yi kwana uku a Kano ina zagaya Ƙofar Ruwa kafin na samu wani dattijo da ya farke irin tamu wadda injinta ya mutu, amma bayanta lafiya lau. A gabana ya sa yaransa suka ciro babban faifan da ƙaramin abokinsa, ya wanke su da kananzir, ya miƙo mini fitila ya ce in bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da farce. Sun yi santsi suna sheƙi, alamar sun yi aiki shekara da shekaru, amma babu rami, babu tsagewa, kuma babu haƙorin da ya yi kaifi kamar bakin wuƙa. Har yau su ne a cikin taraktar, tana huɗa da damina, tana jan tirela da kaka, kuma kukan bai dawo ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Ƙarfen wancan zamanin an gasa fuskar haƙoransa ta yi tauri, cikinsa kuma an bar shi da ɗan laushi domin ya jure bugu ba tare da ya karye ba. Sannan tun daga masana'anta ake goga kuron da pinyo da juna har su saba, shi ya sa ba a raba su. Idan ka sa sabon pinyo a kan tsohon kuron, ko ka haɗa na tarakta biyu daban, haƙoran za su riƙa haɗuwa a gefe maimakon tsakiya, nauyin duka ya taru a wuri kaɗan, kafin ka ankara sun cinye juna.

Sabon mai araha kuwa na taɓa sayen irinsa, giyar ciki ce guda ɗaya ta akwatin giya, kuma ba ta kai ƙarshen damina ta biyu ba. Ban ce duk sabo banza ba ne, domin a Indiya da Pakistan ana ƙera taraktocin wannan gida da izinin kamfanin, kuma akwai kaya masu kyau da suke fitowa daga can, amma mai kyaun ba ya zuwa da rabin kuɗi. Maganar a kai wa mai walda ya cike haƙoran a goge kuma, kada ma ka saurare ta, saboda zafin walda yana kashe taurin ƙarfen.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, domin a nan aka fi cutar manoma. Wasu suna ɗauko kuron daga wannan tarakta, pinyo daga waccan, su wanke su da fetur, su shafe su da giris mai kauri don ya rufe ramukan, su ɗaure da waya su rantse maka cewa tare aka ciro su. Wasu kuma suna zuba jabu a kwalin da ke ɗauke da sunan babban kamfani. Kada ka biya sai an wanke giris ɗin tas a gabanka. Ka ƙirga haƙoran da kanka, a tawa pinyo yana da 6, kuron yana da 37, kuma ka tafi da tsofaffin naka a buhu ka jera su gefe da gefe. Ka riƙe ƙaramin magagari a aljihu ka gwada gefen haƙori ɗaya: idan ya zame bai kama ba ƙarfen yana da tauri, idan ya ci cikin sauƙi ka ajiye ka yi gaba. Mai sayarwar da ya hana ka wankewa ko gwadawa ya riga ya gaya maka abin da yake sayarwa.

Abin da ba na yarda a saya na hannu shi ne boris da robobin tare mai. Waɗannan ka sa sababbi masu kyau gaba ɗaya, musamman ƙaramin boris ɗin da yake riƙe hancin pinyo, domin sau da yawa shi ne yake fara lalacewa, pinyo ya riƙa rawa, haƙora su biyo baya. Kafin makanike ya rufe, ka sa ya shafa ɗan fenti a haƙora ya juya da hannu, ku ga tambarin ya fito a tsakiyar haƙori.

Ka tuna kuma cewa a wannan taraktar mai ɗaya ne, kimanin lita 30, yake zagaya akwatin giya da bayan da famfon da ke ɗaga garma. Garin ƙarfen da haƙoranka suka zubar yana nan kwance a ciki, kuma idan ba a wanke ba famfon zai zuƙe shi, ka gyara baya ka koma neman famfo. A wanke ciki sosai, a zuba sabon mai, sannan ka duba robobin da suke rufe gindin sandunan giya. Idan sun tsage, ruwan sama yana bi ta nan ya gauraya da mai har ya koma fari kamar nono, don haka ka canza su tun kafin ruwan farko ya sauka.