Kafin Ka Sayi Laptop Ta Hannu a Garwa Ko Marwa, Ka San Abin da Ke Sa Manhaja Ta Buɗe da Sauri

Duk lokacin da aka kusa komawa makaranta, iyaye da ɗaliban jami'o'in Marwa da Ngaundere da sabuwar ta Garwa sukan cika shagunan masu kwamfuta, kuma tambayar kowa ɗaya ce: "i5 ce ko i7?" Mai shago ya san haka, shi ya sa ɗan tambarin nan da ke liƙe kusa da madannai yake fara nuna maka. Alhali abin da zai dame ka bayan ka kai ta gida shi ne ka danna manhaja ka zauna kana kallon da'ira tana juyawa. Wannan jiran kuwa yawancinsa ba daga furosesa yake ba, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar da i5 da i7 ɗin ke nufi.

Idan ka danna manhaja, aikin yana komawa hannun kanel, wato ɓangaren Windows ko Linux da ke riƙe da ragamar na'urar baki ɗaya. A Linux, kiran da ake yi masa sunansa execve. Zai leƙa farkon fayil ɗin ya ga ko wane iri ne. Manhajar Linux tana farawa da alamar ELF, ta Windows mai ƙarewa da .exe tana farawa da haruffan MZ kuma tsarinta PE ne, ta Mac kuwa Mach-O. A nan kan fayil ɗin aka rubuta irin furosesar da aka gina shi dominta, da inda umarni yake, da inda bayanai suke. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kanel ba ya kwaso manhajar duka ya zuba a RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi mai sauri da kwamfuta ke aiki a cikinta. Taswira kawai yake zanawa: wannan yanki na fayil zai zauna a adireshi kaza, wancan a adireshi kaza. An yanka komai shafi-shafi, kowane shafi kilobait 4 a yawancin kwamfutocinmu. Sai furosesa ta nemi shafin da bai iso ba, ta tsaya, kanel ya je faifai ya ɗauko, sannan a ci gaba. Kamar ɗan tireda ne da teburinsa bai ɗaukar kayan sito duka, sai mai saye ya tambaya ya tura yaro ya ɗauko. Ga kuma fayilolin haɗaka da manhaja ke jingina da su, masu .dll a Windows da masu .so a Linux, su ma sai an nemo su an ɗaura. Babbar manhaja tana iya buƙatar gommai daga cikinsu kafin ka ga taga ta farko.

Ka ga ke nan buɗe manhaja dubban ƙananan aike ne zuwa wurare dabam-dabam na faifai. HDD, faifan nan mai juyawa sau 5400 a minti, sai allurarsa ta motsa a kowane aike, abin da ke cin wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, don haka aike kusan 100 yake iya yi a daƙiƙa. SSD, ma'ajiyar da ba ta da abin juyawa, ko da mai araha ce, tana yin dubbai. Idan kuma RAM ta cika, kanel zai fara kwashe shafuka yana mayarwa faifai, cikin pagefile.sys a Windows ko swap a Linux, ya sake ɗauko su in an nema. Laptop mai RAM gigabait 4 da HDD rabin rayuwarta a wannan kai-kawo take ƙarewa, ko da i7 aka liƙa mata.

Ni dai zaɓina ThinkPad T480 ce ta Lenovo, wadda ta fito a 2018, kuma ba na ɓoye son da nake mata. Ramukan RAM biyu gare ta, duka ana cirewa ana sawa, DDR4, har zuwa gigabait 32 a ƙa'idar kamfanin. Yau ka saya da 8, in Allah ya hore baɗi ka ƙara wata 8, ba sai ka sake na'ura ba. Furosesarta yawanci zubi na 8 ce ta Intel, kuma i5-8250U ɗinta ƙwayoyin aiki huɗu gare ta, yayin da i7-7500U da ake yi wa tsada a kasuwa biyu kawai gare ta. Daga zubi na 8 ɗin ne kuma Windows 11 ke karɓa a hukumance, ga TPM 2.0, ɗan guntun tsaron da take nema. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Sannan yawancinsu batir biyu gare su, ɗaya a ciki ɗaya a waje da ake zarewa ba tare da an kashe ta ba. Wanda ya san yadda wuta ke ɗaukewa a Arewa Mai Nisa ya san darajar wannan. Ƴan sukurori ka kwance murfin ƙasa ya buɗe, ka hure ƙurar hunturu daga fanka, ka sake man sanyaya furosesa kafin zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40. Abu ɗaya dai ka gwada shi ne ramin USB-C da take caji ta nan, domin an san wannan zubin da matsalar Thunderbolt, fasahar da ke cikin wannan ramin, har kamfanin ya fitar da gyara. Ka tabbata tana caji sumul. Kada kuma a ba ka T480s a ce duk ɗaya ne, ita RAM ɗinta guda a liƙe take da babban allon cikin na'urar.

Dell Latitude 5490 da HP EliteBook 840 G5 sa'anninta ne, in su ka samu da lafiya ka ɗauka. MacBook tana da kyau, amma yawancinsu RAM a liƙe take, ba ta buɗe .exe kai tsaye, in ta lalace kuma sai ka yi ta neman mai gyara har Duwala. Sababbin nan masu sheƙi a kwali, masu furosesar Celeron da RAM gigabait 4 da ƙaramar ma'ajiyar eMMC gigabait 64, ka bar su inda ka gan su. Chromebook da aka tilasta wa Windows kuwa ko kyauta ce ka yi tunani.

Ga ɗalibin ilimin kwamfuta, ka sa mata Linux, Ubuntu ko Mint. Duk abin da na faɗa a sama da idonka za ka gan shi. Ka rubuta readelf -l /bin/ls ka ga yankunan da kanel zai ɗora, ka rubuta ldd ka ga fayilolin haɗaka, ka rubuta cat /proc/self/maps ka ga taswirar kanta, layi-layi, da adireshi da izinin karatu ko rubutu ko gudanarwa. Tun da Linus Torvalds ya fara wannan kanel a 1991 a buɗe yake ga mai son karantawa. Wanda aikinsa ke kan AutoCAD ko Photoshop ya zauna a Windows, babu laifi.

Sai maganar ha'inci, wadda ta fi komai ci mini rai. Na taɓa saya wa ƙanwata laptop da SSD da aka ce gigabait 512 ce, Windows ma haka ta nuna. Da farko lafiya lau. Da kaya suka fara taruwa sai manhajojin da ke buɗewa jiya suka fara cewa fayil ya lalace, wasu su buɗe su mutu nan take, daga ƙarshe rubutun kammala karatunta ya koma shara. Da aka gwada, ashe ƙaramar ma'ajiya ce aka yi wa dabara take faɗin girman ƙarya, in ta cika sai sabon rubutu ya hau kan tsoho. Kanel ba shi da hanyar sani. Ya je ɗauko shafi, abin da faifai ya miƙo masa shi zai ba furosesa. Na koma shagon, mutumin ya ce, "Malam, ai ka gwada kafin ka biya." Tun daga nan ba na karɓar SSD sai an gudanar da H2testw a kanta, ko f3 a Linux, waɗanda ke cika ta da rubutu su sake karantawa. Yana ɗaukar lokaci, ka nemi kujera ka zauna. CrystalDiskInfo kuma zai nuna maka sunan SSD ɗin da awannin da ta yi tana aiki. In babu sunan kamfanin da ka sani, ko kuma mai shago ya fara cewa yana sauri zai je masallaci alhali ba a kira salla ba, ka ɗauki kuɗinka.

Akwai wata dabara da ta fi wannan laushi. Manhajar da aka buɗe sau ɗaya, kanel yana barin shafukanta a RAM ko bayan an rufe ta, saboda haka buɗewa ta biyu kamar walƙiya take. Mai shago ya buɗe Word da Chrome tun da safe, kana zuwa ya danna su tashi nan take, ka ce ma sha Allah. Ka ce masa, "Alhaji, a yi mata Restart tukuna." Restart fa, ko Redémarrer in Faransanci take, ba kashewa da kunnawa ba, domin Windows tana da dabarar tashi da sauri da ke adana wani ɓangare in an kashe ta. Bayan ta tashi, kai da hannunka ka buɗe manhajoji huɗu ko biyar a jere ka ga yadda za ta yi.

Kada ka yarda da abin da shafin bayanan Windows ya rubuta game da furosesa, ana sauya wannan sunan cikin minti ɗaya. Ka shiga BIOS, shafin saitin na'urar da ke zuwa kafin Windows, a ThinkPad F1 ake dannawa tana tashi, ka karanta furosesa da RAM a can. Nan ne ma za ka gane ko an kulle ta da kalmar sirrin tsohon kamfanin da ya yi amfani da ita. In ta nemi kalmar sirri mai shago bai sani ba, kada ka saya ko nawa ya rage. Ka duba ko Windows ɗin 64-bit ce, domin 32-bit ba ta iya amfani da abin da ya wuce gigabait 4, sauran RAM ɗin da ka biya zaman banza za ta yi. Idan kana da filas mai MemTest86, manhajar gwajin RAM, ka bar ta ta zagaya RAM ko sau ɗaya ne.

Manhajojin sata da ake cika maka a matsayin gyara, su ma ka ce a bar su. Fayil ɗin .exe da aka fasa an riga an taɓa cikinsa, kuma kanel zai ɗora duk abin da aka cusa a ciki tare da shi. Ka goge faifan ka sa tsarin da ka sauke da kanka daga shafin masu shi. Madannai ma ka duba, kayan da suka biyo ta Duwala daga Faransa ko Beljiyam yawanci AZERTY ne, na Najeriya da Dubai QWERTY, ka ɗauki wanda hannunka ya saba. Caja kuma ta asali mai watt 65 ka nema, ka ɗaga ta ka ji nauyi, jabun ba su da nauyi kuma suna zafi da wuri. Sannan a rubuta maka rasit da lambar na'urar da ke ƙasanta, da girman RAM da SSD, da kwanakin da za ka iya dawo da ita.