Maɗinkin Cikin Birni Mai Mayar Da Aiki

Idan babbar riga ɗinkin hannu kake so ta Ƙaramar Sallah, kuma sai da azumi ya kama ka tuna, kada ka wahalar da kanka zuwa zauren dattijon nan na cikin birnin Zazzau, wanda ake bi ta Ƙofar Doka a nufi wajen Fada. Daga 15 ga Sha'aban yake rufe karɓar aiki. Ko ninka masa kuɗi ka yi, zai naɗe shaddarka ya miƙo maka da hannu biyu.

Wannan hali nasa ne ya sa na amince masa. Mu da ke Tudun Wada mun san yadda ake kwana a shagunan teloli daren Sallah, ana cacar baki a kan kayan da ko yanka su ba a yi ba. Shi kuwa iya abin da idonsa da yaransa za su gama yake karɓa. A gabana wani alhaji ya zo da yadi na riguna da yawa don Hawan Daushe, ya ce a faɗi ko nawa ne. Dattijon ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, na riga na ɗauki alƙawarin mutane." Da alhajin ya fita na ce, "Baba, wannan ai kuɗi ne ka kora." Ya ce, "Ɗana, wanda na samu ya ishe ni cefane. In na karɓa, barcina da sallata zan sayar." Sai ya kawo hadisin Abu Huraira cewa wadata ba yawan dukiya ba ce, wadatar zuci ce, ya koma kan allurarsa.

Natsuwar nan tana fitowa a jikin aikin. Aska takwas ya yi mini a farar shadda. Bakin kowace aska ya fita tsaf, tambarin ya zagaye daidai, zare bai tattare ba. Juya rigar ka duba ciki, nan ake gane maɗinki: babu zaren da ke reto, shafin ma ya kwanta luf. Ta sha wanki da bugu, har yau wuyan bai saki ba.

Sai dai akwai abin da mai zuwa zai jure. Aikin yana cin makonni, kuma ba ya son a riƙa leƙowa ana tambaya. Tsakanin Magariba da Isha'i yana wajen karatu, ko ka kira waya ba zai ɗauka ba. Kuɗinsa ya fi na ɗinkin keke nesa ba kusa ba, amma farashi ɗaya yake faɗa, kuma ba ya ƙara ko sisi bayan an yi ciniki.

Ka je da rabin kuɗin na kafin alƙalami. Mai son ta Babbar Sallah ya kai yadinsa tun cikin Shawwal.