Ladder ko FBD, wanne ya dace da aikin tankin nan?

Ƙanina mai IT, wato horon aiki na ɗalibai, a wata masana'anta a Kakuri, ka ce ogan ka ya ba ka S7-1200, wato PLC ɗin Siemens, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injuna, ka haɗa famfo biyu da tankin ruwa, kana tambaya da Ladder za ka rubuta ko da FBD. To gaskiya duka biyun yarukan rubuta furogiram ɗin PLC ne, suna cikin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 61131-3 tun 1993, kuma TIA Portal ɗin da ke hannunka, manhajar da kake rubuta furogiram ɗin a ciki, yana karɓar kowanne, amma ba aiki ɗaya suka fi iyawa ba.

Ladder zanen tsani ne, kamar wayarin ɗin kwantakta da rile da muka saba gani a fanel. Kunna famfo, kashe famfo, hana biyun tashi lokaci guda, tsayawar gaggawa, duk wannan a Ladder na fi so, saboda ranar da abu ya tsaya da daddare mai gyaran wuta ne zai buɗe kwamfuta ba kai ba, kuma yana ganin layin da ya yi kore ya san inda wuta ta yanke.

Amma da zarar ka zo wajen sensar matakin ruwa mai 4-20mA, nan FBD, wato Function Block Diagram, ya fi. Bulok ne jere da juna, abin da ya fito daga wannan ya shiga wancan, ido na bin sa daga hagu zuwa dama. Modul ɗin analog, wanda ke karanta siginar sensar, lamba yake ba ka daga 0 zuwa 27648, ba mita ba, sai ka sa bulok ɗin NORM_X ya mai da ita tsakanin 0 da 1, na SCALE_X kuma ya mai da ita tsayin tankinka, sannan ta shiga PID_Compact, bulok ɗin PID da ke juya bawul don ruwan ya tsaya a matakin da ka saita. A tsani ma za ka iya, sai dai ya zama dogo kana ta gungurawa har ka manta inda ka faro. A Studio 5000 ma, manhajar PLC ɗin Allen-Bradley, bulok ɗin PID ɗinsu mai suna PIDE babu shi a Ladder sam.

Abu uku ka kiyaye don Allah, sun fi zaɓin yaren ciwo. In modul ɗinka an saita shi a 0-20mA ne, to 4mA ɗin ba sifili ba ce, wajen 5530 ce. Ni na taɓa manta wannan a wani aiki a Kudenda, allo na nuna akwai ruwa kashi ashirin cikin ɗari alhali tanki ƙaf, famfon ya yi ta jan iska har ya fara ƙauri, wallahi ƙaurin nan na tsaya da shi a hanci kwana biyu. Na biyu, kar ka sa PID ɗin a OB1, babban bulok ɗin furogiram mai zagayawa kullum, ka sa shi a bulok ɗin OB30 mai tashi kan lokaci tsayayye, in ba haka ba lissafinsa zai riƙa rawa. Na uku, kowace taima ta TON, mai jinkirta kunnawa, da nata DB, wato bulok ɗin da take ajiye bayananta, kar ka kwafo bulok ka bar su suna cin DB ɗaya.

Da ni ne kai, famfunan a Ladder, sensa da bawul a FBD, a bulok daban-daban cikin furojet ɗaya. Setin matakin ruwan kuma ka sa masa Retain don PLC ɗin ya riƙe shi ko wuta ta ɗauke, ka san yadda ake ɗauke wuta a garin nan, in ba haka ba kafin janareta ya kama setin ya koma sifili ba ka sani ba.