Hattara da mai tallar teburin biliyar: ku ga dutse kafin a ja ƙyalle

Jama'ar Maradi, musamman matasa masu niyyar buɗe gidan wasa da masu otal, akwai wani mutum da ke yawo da hotunan teburin biliyar, wasan nan da ake buga ƙwallaye da sanda a kan tebur, a Facebook da zaurukan WhatsApp. Irin teburin nan ne marar rami, wanda ake kira na Faransa, mai ƙwallo 3: fara, rawaya da ja. Yana cewa kayan Turai ne da aka ɗan taɓa, kuɗinsa kuma bai kai rabin na sabo ba. Da ka tura masa kafin alƙalami sai a shiga jan rai. Yau kaya na Lome, gobe suna hannun duwan, jibi ai ka san iyakar Benin a rufe take tun 2023. Gaskiya ne an rufe iyakar a 2023, shi ya sa ake yi masa uzuri. Wasu daga nan lambarsa take daina shiga. Amma waɗanda ya kawo wa teburin sun fi ba ni tausayi, don su har cikon kuɗi suka ba shi, suka haɗa da godiya.

Ni kafinta ne, kuma na taɓa aikin irin teburan nan a hannun wanda ya iya. Kwanan baya ɗan wani aminina a unguwar Zariya ya kira ni. Yaron babur ɗinsa na kabu-kabu ya sayar, mahaifiyarsa ta cika masa da kuɗin adashenta. Ya ce, "Baba, zo ka duba mini, ko ina na buga sai ƙwallo ta gangara gefe guda." Na kwance katakon gefe, na ɓamɓare ƙusoshin, na ɗaga ƙyallen. Wallahi babu dutse ko kaɗan. Allon garin katako ne da aka matse, aka shafa masa fenti ruwan toka. Danshin damina ya shige shi, tsakiyarsa ta kumbura, na danna farce ya lotsa. Yaron ya tsaya yana kallo, ya kasa cewa komai.

A nan duk zambar take. Teburin gaske shimfiɗarsa dutse ne, wanda ake sara daga tsaunuka a Italiya, Brazil ko Sin, a goge shi ya yi sumul. A teburin gasa, filin wasan mita 2.84 ne a tsawo, mita 1.42 a faɗi, kaurin dutsen kuma ba ya gaza milimita 45. Nauyin irin wannan tebur yakan kai tan guda, don haka dutsen yawanci gida 3 yake zuwa, a haɗa shi a inda za a yi wasa. To, wannan mutum a haɗe yake kawo nasa, da ƙyalle a lulluɓe, samari 4 su sauke shi daga bayan mota su kai ɗaki. Duk tebur mai girman na gasa da aka shigo da shi haka, ba sai an buɗe ba, ba dutse ba ne.

Mai haɗawa na gaske yini yake yi a wajenka, wani lokaci har ya kwana. Zai fara kafa ƙafafu da firam, ya aza ma'aunin ruwa ya daidaita. Sai a ɗora duwatsun ɗaya bayan ɗaya, yana cusa siraran itace a ƙarƙashi har sai mahaɗarsu ta zama ko da yatsa ka shafa ba za ka ji gaɓa ba. Ya toshe tsagar da kakin zuma ko makamancinsa, ya kankare, ya share ƙura tas, domin ƙwayar yashi guda a ƙarƙashin ƙyalle tana karkatar da ƙwallo, mu kuwa a nan kun san yadda hunturu yake mana. Bayan duk wannan ne ake jan ƙyalle, a ja shi ta tsawo da ta faɗi har ya ɗaure kamar fatar kalangu, robobin gefe kuma a rufe su daban. Duk a gaban idonka ake yi. In mai haɗawa ya ce ka je ka dawo, ko ya ce an riga an rufe daga kamfani kada a taɓa, kada ka yarda.

Ƙyallen ma akwai cuta a ciki. Wanda aka fi sani a gasa shi ne Simonis, na wani tsohon kamfani da ke Verviers a Beljiyam. Saƙar ulu ce mai santsi, ba ta da gashi, kana iya ganin zarenta. Shi kuwa mutumin nan sunan kawai yake ambata. Abin da na cire daga teburin yaron wani yadi ne mai gashi-gashi, da ka murza da yatsa sai ya tattara ƙulli-ƙulli. Ƙwallayen da ya ba shi kuma na teburin rami ne, masu milimita 57, alhali na wannan wasa milimita 61.5 ne. Tsayin robar gefe da girman ƙwallo tare ake auna su, in suka saɓa ƙwallo ba za ta dawo daidai ba.

Sai maganar wuta. Gaskiya ne teburin gasa ana ɗumama shi daga ƙasa, ya ɗara zafin ɗaki da kamar digiri 5, don ƙyalle ya bushe ƙwallo ta yi gudu. Mutumin ya karɓi ƙarin kuɗi a kan wannan. Da na leƙa ƙasa, waya ce guda ta tafi ga wata ƴar jar fitila, ba ta haɗe da komai. Abin da ya fi ɓata mini rai ke nan, don wannan ba kuskure ba ne, zama aka yi aka shirya.

In kana son sayen tebur, ka je da ƙafarka inda yake, Yamai ne ko Kano, ka sa hannu a kan dutsen, ka ƙwanƙwasa ka ji. Dutse sanyi gare shi, ƙararsa a taushe take, katako kuwa amo yake yi. Ka tafi da magini ko kafinta da awonsa. A rubuta girman tebur da kaurin dutse a takarda gaban shaidu, cikon kuɗi kuma sai ƙwallo ta yi tafiya a miƙe a ɗakinka.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ka adana takardar aike, da saƙonnin murya, da hotunan da ya turo maka, ka kai komisariya ko wurin jandarmomi. Ƙasarmu tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019. Mu mun kai namu ƙorafin. Mutumin ya canza lamba da sunan shafi, amma hotunan ba su canza ba: tebur mai shuɗin ƙyalle a wani ɗaki mai farin tayil. Ku tura wa ƴan fadarku, da ƴan'uwa na Tasawa, Madarumfa da Dakoro, don can ma ya fara talla.