Ajin murza taliya a Bolonya: tsohuwar ta burge ni, masu ajin sun ɓata mini rai

Sati uku ke nan da zuwana ajin nan, sai yau na iya zama in rubuta, don da a ranar na ɗauki waya da tauraro ɗaya zan ba su in wuce. Matan da ke zaune a yankin Modena da Bolonya a Italiya sun san irin ajin da nake nufi, na koyon murza taliya da hannu, a ƙarshe a zauna a ci abin da aka yi. Kuɗin ma kun san shi, ba sai na faɗa ba. Ya kai cefanen sati a gidana.

'Yata ce ta kai ni. Tun da ta fara cin abincin makaranta ta daina cin taliyar gida. Sai ta ajiye cokali ta ce, "Umma, taki ta caɓe." Ni da na tashi a Kano ina juya injin 'yar murji tun ina 'yar shekara goma, mu shanya a igiya, mu ci da manja da yaji, yau 'yar cikina ke ture mini kwano. Abin ya tsaya mini a rai. Maigida, da ke aikin dare a kamfanin tayil a Sassuolo, ya ce zai riƙe yara ranar Asabar in je in koyo daga tushe. Na ja ƙawata 'yar zangon Kumasi, muka hau jirgin ƙasa daga Modena, rabin awa muna Bolonya.

A fom ɗin da na cike ta intanet akwai gurbin abin da mutum ba ya ci. Na rubuta da Italiyanci ɓaro-ɓaro: ba alade, ba kitsen alade, ba giya. Suka amso cewa babu matsala. Saƙon na nan a wayata har yanzu.

Muna shiga ƙamshin miya ya tare mu. Tukunya na kan wuta tun safe, don miyar naman nan da suke kira ragù ba ta nuna ƙasa da awa biyu, wasu har uku suke ba ta. Saurayin da ke kula da baƙi ya buɗe murfin yana ta bayani da alfahari, cewa a nan ba a wasa da ita, tun 1982 aka yi rajistar yadda ake haɗa ta a Cibiyar Kasuwanci ta Bolonya: niƙaƙƙen naman sa, albasa, karas, seleri, tumatir, madara kaɗan, giya, da pancetta. Ina jin kalmar ƙarshe gabana ya faɗi. Duk wadda ta yi wata guda a ƙasar nan ta san pancetta naman cikin alade ne. Na ɗaga hannu na ce masa na rubuto tun kafin in biya. Ya duba wayarsa, ya ɗaga kafaɗa, ya ce giyar ai wuta ta ƙone ta, aladen kuma ɗan kaɗan ne, don ɗanɗano kawai.

Wallahi wannan "ɗan kaɗan" ɗin ya fi komai ƙona mini rai. Da ya ce ya manta, ya ba da haƙuri, da na haɗiye. Amma mutum ya tsaya gaban baƙi yana koya mini iyakar abin da addinina ya hana, ko a jikinsa. Na tambayi abinci na biyu, ashe tortellini ne, ƙananan nan da ake cusa wa nama a naɗe kamar cibiya. Cikinsu naman bayan alade ne da prosciutto da mortadella, uku duk alade. Ke nan a abinci biyu da na biya wa kuɗi babu wanda zan iya ko taɓawa. Sauran masu koyo, Amurkawa da wasu Jamusawa biyu, suka zuba mana ido. Ƙawata ta saɓi jakarta ta ce, "Yaya, tashi mu tafi."

Kada wata ta ce ban san al'adar mutane ba. Na sani sarai. Ina ƙasar nan a 2019 lokacin da aka tanadi 'yan tortellini na kaza a gefe a bikin San Petronio, waliyyin garin Bolonya, don waɗanda ba sa cin alade, aka yi ta cece-kuce a jaridu, aka ja sunan babban limamin cocin Bolonya Matteo Zuppi, har 'yan siyasa irin su Salvini suka tsoma baki. Mutanen nan suna kishin abincinsu kamar yadda muke kishin namu, kuma ba na ganin laifinsu. In baƙo ya zo gidanmu ya ce a yi masa miyar kuka ba daddawa, mu ma sai mun kalle shi. Ban ce su canja mini girkin kakanninsu ba. Abin da na nema su faɗa mini gaskiya kafin su karɓi kuɗina.

Mun kai bakin ƙofa sai ga tsohuwar da za ta koyar ta fito daga ciki tana goge hannu a gaban riga. Gajeriya, farin gashi, ba ta jin Turanci ko kaɗan. Ta tambaye ni da Italiyanci me ya faru. Ashe ba wanda ya gaya mata komai. Ta juya kan saurayin da yaren garinsu, ban fahimci ko rabi ba, amma na ga kunnensa ya yi ja. Ta kama wuyan hannuna ta mai da ni gaban teburi, ta aike shi kasuwa ya sayo ricotta, farin cuku mai laushi, da ganyen faski. Ta ce mu biyu tortelloni za mu yi, manyan, marasa nama. Abin da ya sanyaya mini zuciya shi ne da ta ce ba don ni ta ƙirƙiro shi ba, abincinsu ne na jajiberin Kirsimeti, ranar da Katolika ke ƙaurace wa nama, haka uwarta ke yi.

Daga nan na manta da fushi na kusan awa biyu. Ta tara fulawa a allon katako kamar tsibi, ta yi rami a tsakiya ta fasa ƙwai: kowane ƙwai giram 100 na fulawa. Ba ruwa, ba gishiri, ba mai. Ni da na saba kwaɓi da ruwa na yi ta jiran ta miƙo kofi, shiru. Aka cuɗa da gindin tafi wajen minti goma har ya yi sumul, aka rufe shi ya huta rabin awa. Sannan ta ɗauko sandar murjinta, ta kusa mita ɗaya, ta yi baƙi-baƙi don tsufa. Yadda take naɗe kwaɓin a jikin sandar ta warware, rabi na reto a bakin teburi, yana faɗi yana faɗi har ya kai girman faifai uku, ban taɓa ganin irinsa ba. Ta ɗaga shi saitin taga ta ce sai an iya hango San Luca ta cikinsa, cocin nan da ke kan tsauni a bayan gari, sannan ya yi. Na ce mata muna da inji a gida. Ba ta kushe ba, sai ta sa na shafa nata da yatsa: da ɗan kaushi. Ta ce katako kan katako ke ba da wannan kaushin, shi ke riƙe miya, ƙarfen inji kuwa santsi yake bari, miya ta zame ta koma gindin kwano. Shekara nawa ina taliya, ban taɓa tunanin wannan ba.

Nawa ya yage har sau biyu. Ta sa babban yatsa ta liƙe tana cewa "piano, piano", sannu-sannu ke nan, kalmar da duk baƙon Italiya ya fara koya. Mun yanka tagliatelle ma, doguwar taliya mai ɗan faɗi, ta ce faɗinsa in ya dahu milimita 8 ne, tun 1972 aka ajiye ma'auninsa na zinariya a Cibiyar Kasuwancin nan, amma ita da ido take yi, kuma duk sun fito kamar da awo. Namu ta dafa a tukunya daban, ruwa da gishiri zalla, ta narka man shanu da ganyen salbiya ta juya a ciki. Ta tambaye mu kafin ta barbaɗa cukun Parmigiano, don da sinadarin cikin ɗan maraƙi ake daskarar da shi. Ni ina ci, ƙawata ba ta ci, kowa da abin da malaminsa ya gaya masa. Lomar farko na yi shiru. Allah ya saka wa matar nan. A wannan lokacin da an miƙo mini waya tauraro biyar zan danna.

Sai aka kawo kwandon tigelle, ƙananan burodin nan masu kama da waina. Ƙawata ta ɗauki ɗaya. Na tambayi saurayin, ya ce burodi ne kawai. Ta gutsira. Tsohuwar ta hango daga bakin murhu ta taho da sauri ta fizge daga hannunta tana cewa "strutto, strutto!" Kitsen alade ne a cikin kwaɓin. Ƙawata ta ruga banɗaki tana kurkure baki, ta fito idonta jawur, ba ta ƙara cin komai ba har muka tashi. Mutumin da aka gama yi wa faɗa a kan maganar nan ɗazu-ɗazu, bai iya juyawa ya tambaya ba. Duk daɗin da na ji ya zube. Ni na jawo ta, ni na ce mata na tabbatar babu matsala. A jirgi ba mu yi magana ba sai da muka kusa Modena.

Na rubuta musu sau biyu. Amsar da na samu ita ce ragi in zan sake zuwa wani ajin. Kuɗi ko sisi ba su dawo ba. Takardar girkin da suka yi alkawari ta zo, amma ta ragù da tortellini ce, da aladenta da giyarta, babu ko layi ɗaya a kan abin da muka girka.

A gida kuwa abin ya yi amfani, ba zan ɓoye ba. Ɗanyar taliya minti biyu zuwa uku ta ishe ta, ni da nake barin tawa ina wanke-wanke. Gishiri giram 10 a kowace lita, ba a zuba mai a ruwan, ba a ɗauraye ta bayan an tsane, a juye ta cikin miya nan take. Na sayo niƙaƙƙen naman sa a shagon halal, na sa man shanu a madadin pancetta, romo a madadin giya, na bar miyar awa uku a ƙaramar wuta. Ba na kiran ta da sunan tasu, na san ba ita ba ce, kuma maigida sai da ya nemi yaji. Amma 'yata ta share kwano ta ce, "Umma, ƙara mini."

Tauraro uku na ba su, kuma ukun duk na tsohuwar ne. Wadda za ta je kada ta dogara da fom. Ki buga waya, ki nemi mai koyarwar da kanta, ki tambayi miya, ki tambayi abin cusawa, ki tambayi burodi, kowanne da sunansa. Ni dai ba zan sake kai kowa ba. Tortelloni kuwa da ka nake yin sa yanzu, karon farko cukun ya yi ruwa duk suka fashe a tukunya, jiya na tsane shi a ƙyalle tun dare, biyu kawai suka buɗe.