'Yar na'urar auna iska: tana ganin hayaƙi amma ba ruwanta da ozon

Ga masu asma da suke shirin zuwa gandun dajin Great Smoky Mountains na Amurka, wanda ke tsakanin jihar Tenesi da Karolina ta Arewa, ga yadda na samu 'yar na'urar nan ta aljihu mai auna datti a iska. Gaskiya a wajen hayaƙi ba ta da wasa. Kana kunna ta ɗan fankan ciki zai ja iska, hasken lesa ya ƙirga ƙananan ƙwayoyin da ake kira PM2.5, waɗanda saboda ƙanƙanta suke wucewa har can cikin huhu, a sansani maƙwabcinmu na hura wutar itace lamba ta haura tun kafin ɗiyata ta fara tari, muka matsa gefe. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina. Batir ma yana wuni.

Amma fa idan hazon safiya ya sauko sai ta rikice, danshi yana kumbura ƙwayoyin ta riƙa nuna lamba sama da gaskiya, kuma wajen nan ai hazo ne sana'arsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ozon, wani gas mai cutar da huhu, sam ba ta auna shi. Shi kuwa ba ya da launi, hayaƙin motoci da na tashoshin lantarki ne ke haɗuwa da zafin rana ya haife shi, iska ta kwaso shi zuwa kan duwatsu. A ƙasan kwari yana raguwa da dare, amma a can sama irin su dutsen Kuwohi, mai tsayin ƙafa 6,643, yana iya kwana bai ragu ba. Sai ka ga na'ura ta nuna kore, wato iska lafiya lau, kai kuma kana haki a hawa kana zuƙar abin da ke ƙona maƙogwaro yana matse ƙirji. Takunkumin N95 ma ƙura da hayaƙi yake tarewa, ozon ratsa shi yake yi.

Don haka ni dai ina haɗa ta da manhajar AirNow ta hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA. In lambar manhajar ta kai 101 zuwa 150, wato launin ruwan lemo, mai asma ya rage hawa mai wahala ranar, musamman da bazara. Ku saya ɗin, amma don Allah kada ganin kore ya sa a bar inhela a mota.